Yashi a Buhun Gero

'Yar'uwarku Hauwa ta dawo daga gidan biki kwanakin baya ta gaya min abin da wata mata ta faɗa a gabanta, wai da babanku aka haɗa baki aka cinye dukiyar mutane a shekarar nan ta ajiyar hatsi. Ranar ban iya cin abinci ba. Shi ya riga mu gidan gaskiya, ko da yana raye ma ba zai buɗe baki ya kare kansa ba, kun san halinsa. Ku kuma lokacin wasunku suna makarantar kwana, wasunku suna ɗakunan aurensu, rabi-rabin labarin kuka ji. To ga shi zan rubuta muku da hannuna yadda abin ya faru, har da wurin da laifin yake nawa. In na yi kuskure a wata magana Allah ya yafe min, don na daɗe ina juya ta a raina kafin in ɗauki biro.

A gidanmu na Sabon Gari katanga ɗaya ce ta raba mu da Habibu dillalin hatsi da matarsa Rabi. Wajen murhu katangar ta ɗan gajarta, in na taka turmi ina ganin tsakar gidansu, ita ma haka. Ta nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi da labari. Na girme ta da kusan shekara goma, Yaya Asabe take ce min, kuma ban taɓa yin ƙawa kamarta ba. Ita ta saba min da karatun littattafan nan na Hausa da ake haya, musamman masu labarin cuta da makirci, inda za ka ga maƙwabta suna cin abinci tare alhali ɗaya yana haƙa wa ɗaya rami. Ni da karatuna na firamare a hankali nake bi, ga tsoro, wani lokaci sai in rufe littafin in yi ta salati. Ita kuwa tun kafin a kai tsakiya ta gano mugun.

"Yaya Asabe, wannan mai yawan gaisuwar ne, ki zuba ido," in ji ta, tana dariya.

Kuma shi ɗin ne.

Da kaka ta yi, aka fara shigo da sabon hatsi kasuwa, Habibu ya yi sallama da babanku a zaure bayan la'asar. Ina daga ciki ina jin su. Ya ce ga wake ga gero sun yi arha, wanda ya saya ya ajiye zuwa faɗuwar damina zai ga alheri. Shi ya san ƙauyukan da ake samu da sauƙi, abin da ba shi da shi wurin ajiya ne. Mu kuma muna da shagon nan na jikin zaure da yake zaune babu komai.

"Yaya Malam, ni zan sayo, kai za ka riƙe mukulli," in ji shi. "Kowa a garin nan ya san hannunka. In aka ji kayan a gidan Malam Idi mai gyaran inji suke, ba wanda zai yi fargaba."

Babanku ya ce zai yi shawara, amma daga muryarsa na ji maganar ta yi masa daɗi. Shekarar aikin injin ban-ruwa ya yi ƙasa, ga kuɗin makarantarku, ga Habibu ya yanka masa ɗan abin da zai riƙa ba shi duk wata na hayar shago. Ya amince. Shi da bakinsa ya gaya wa ƙanensa, Baffanku Sale, ya gaya wa abokan sahunsa na masallaci. Har Iya Mairo mai ƙosai, tsohuwar nan ta bakin titi, ta kawo abin da ta yi shekaru tana tarawa ta damƙa masa, ta ce tunda shi ne ba ta da magana. Ni ma na sayar da awakina biyu aka sayo min buhu biyu na gero, na ɗaura musu jan ƙyalle don kada su ɓace a cikin na mutane. Habibu ya riƙa kawo kaya a mota da rana tsaka, kowa yana gani, har suka haura buhu arba'in. Irin buhun nan ne mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaure kowace da igiyarta don iska kada ta shiga ƙwari su rayu. Ya gargaɗi kowa cewa ba a soka masa ƙarfen nan mai rami da 'yan hatsi suke duba kaya da shi, in an huda leda an gama da hatsin. Duk wanda ya zo ganin nasa sai ya kwance masa baki, mutum ya tsoma hannu ya ɗebo, ya ga wake fes, a mayar a ɗaure.

Kun san ni da damuwa. Tunda dukiyar mutane ta shigo gidan ban ƙara samun natsuwa ba. Amana ce, in ta lalace me za mu ce wa Allah? Babban tsorona ɓera. Na sayo tarko uku na kafa a shagon, kullum da safe in karɓi mukulli in duba. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu, ko ɓera ɗaya bai faɗa ba. A ɗakin girkina kuwa, inda tiya biyu ta dawa kawai take, sun hana ni sakat. Maimakon in yi murna sai abin ya tsaya min a rai. Na gaya wa babanku yana cin tuwo.

"Malam, wai me ya sa ɓera ba ya shiga shagon nan?"

Ya ajiye lomarsa ya dube ni.

"Asabe, ke dai ba a iya miki. In ɓera ya zo ki yi kuka, in bai zo ba ki yi kuka. So kike in je in gayyato shi?"

"Ni dai abin ya ba ni mamaki."

"Littattafan nan na Rabi ne suka cika miki kai. Leda ce, ba ya jin ƙanshi."

Na yi ta istigfari, don zato zunubi ne, balle a kan maƙwabci.

Azumin shekarar a farkon damina ya faɗo. Hatsi ya yi tsada irin wadda ba mu taɓa gani ba, kowa ya fara lissafin riba, Baffanku Sale har ya yi cinikin babur a baki. Masu kaya suka fara cewa a fitar a sayar, Habibu ya ce a yi haƙuri a sha ruwa, bayan salla da kwana biyu manyan 'yan kasuwa za su zo daga Kano da mota su kwashe gaba ɗaya. Kowa ya yarda. Ana saura kwana biyu salla muna hira ta kan katanga na ce wa Rabi gobe zan buɗe buhuna ɗaya in fitar mana da zakkar kono. Sai ta canza magana. Can da yamma sai ga ta ta miƙo min kwarya cike da masara.

"Yaya Asabe, kada ki ɓata ledarki a kan 'yar zakka. Ga wannan ki fitar, ta ishe ku."

Na karɓa na yi godiya, har na ji daɗin kulawarta. Amma da gari ya waye sai shakka ta kama ni. Malamarmu ta Islamiyya ta ce daga abin da mutanen gida suka fi ci ake fitarwa, mu kuwa gero muke ci, kunu da fura da tuwo. Ga shi kuma masarar kyauta ce, ni ina da nawa na gumina a ajiye. Idan ba ta karɓu ba fa? Azumin wata guda ya rataya saboda ƙyashin kwance leda? Na san yanzu da na fitar da masarar ma ta yi, na tambaya daga baya. Amma a safiyar nan zuciyata ta ƙi. Babanku ya fita wurin aiki, mukulli yana rataye a ƙusa. Da hantsi na ɗauki mudun awo da tasa na shiga shagon.

Na kwance buhun waje, na kwance leda ta farko, na kwance ta biyu. Gero mai kyau, ƙanshinsa ya bugi hancina. Na yi bisimilla na fara awo, huɗu-huɗu ga kowane kai, ina kiran sunayenku. Na auna na babanku, na auna nawa, na fara na autanku. Da na cusa mudun sai na ji ya yi ƙarar da gero ba ya yi. Na tsoma hannu har gwiwar hannu, na ji sanyi. Na zaro. Yashi ne, yashin kogin nan namu, gauraye da buntun shinkafa don nauyin ya zo daidai da na hatsi. Wallahi abin da ya fara zuwa min shi ne, to yanzu zakkar auta ta cika ko ba ta cika ba? Sannan hankalina ya dawo. Na fizge jan ƙyallen buhu na biyu, na ja igiyar har ta yanke ni. Gero taƙi ɗaya a sama, ƙasa yashi. Na juya na dubi sauran, jere har kusa da rufi, na Baffanku, na Iya Mairo, na liman. Ban buɗe ba, ba nawa ba ne. Na dai danna gwiwata a cikin ɗaya na ji ya yi ƙuras.

Na fita da gudu na haye turmi. A raina an cuci Habibu ne a ƙauye, an cuce mu gaba ɗaya.

"Rabi! Rabi, fito, mun shiga uku! Yashi ne a buhunan nan!"

Ta fito daga ɗaki tana goge hannu da zani. Ba ta yi salati ba. Ba ta dafe ƙirji ba. Ta matso jikin katanga ta dube ni, ta yi ƙasa da murya.

"Buhu nawa kika buɗe?"

Na dube ta daga kan turmin nan. Na tuna kwaryar masara.

"Rabi, kin sani?"

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Ta kama hannuna ta kan katanga ta riƙe gam. Ta ce Habibu bashi ne ya yi masa katutu tun bara, da kuɗin wannan yake toshe bakin wancan, ita ma daga baya ta gane, yana nan yana neman yadda zai mayar da hatsin kowa. Ta ce in rufa musu asiri zuwa bayan salla, don girman watan, don gishirin da muka ci tare.

"Ba zan iya ba, Rabi. Mukullin a hannun Malam yake. In mutane suka buɗe da kansu shi za a kama."

"To zuwa azahar, Yaya. Bari in kira shi ya zo ya faɗa wa Yaya Malam da bakinsa. Kada ya ji a bakin wani. Maƙwabcinki ne fa, yana da haƙƙi a kanki."

Wannan kalma ta haƙƙi ita ta kama ni, ta kuma san za ta kama ni. Na ce zuwa azahar. Ta ce in yi alkawari ba zan kira babanku ba, na yi.

Ban taɓa ganin lokaci mai tsawo irin wannan ba. Na share tsakar gida sau biyu, na dafa kunun shan ruwa tun lokacinsa bai yi ba. Na ɗauki waya na ajiye, na ɗauka na ajiye. Na ji shigowar babur ɗin Habibu, na ce alhamdu lillahi, ga shi ya zo. Na kasa kunne ina jiran sallamarsa a zaurenmu. Shiru. Ina jin ƙus-ƙus, ina jin ana jan akwati. Can sai na ji ƙofarsu ta buɗe a hankali, na ji ƙarar sarƙar babur ana tura shi ba a tayar ba. Mutumin da kullum sai ya cika layin nan da hayaƙi kafin ya fita! Na leƙa ta zaure na hango shi ya kai ƙarshen layi, sannan ya buga ya miƙa hanyar gada, hanyar Kano.

Na kira babanku, tana ta ringin bai ɗauka ba, dama in ana gwada inji ba ya jin komai. Na damƙi yashi na ƙulle a bakin hijabina na fita. Ni da ko sauri ba na yi a titi don kunya, ranar gudu na yi, da azumi a bakina, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a nan. Mata suna leƙowa, wani mai shago yana cewa lafiya Hajiya, ban tsaya ba. Na iske babanku a durƙushe kan inji, hannunsa duk baƙin mai. Na kwance ƙullin na zazzage masa yashin a tafin hannu.

"Daga buhuna ne, Malam. Duka biyun. Habibu ya gudu, ya yi gada."

Ya dubi yashin, ya dube ni. Bai tambaye ni komai ba. Ya miƙe ya tare ɗan acaɓa ya haye.

Abin da ya faru a gada, wani mai faci da yake kusa da wurin aikin babanku ne ya ba ni labari, don ya bi su a baya. Jajiberin salla ne, motoci sun cushe, ga manyan motocin shanu, ga masu dawowa gida daga birni, ko keke ba ya wucewa. Habibu ya kutsa ya maƙale tsakanin wata tirela da ƙarfen gada, ba gaba ba baya. Babanku ya sauka ya taka da ƙafa, ya zo ta bayansa, ya miƙa hannu ya kashe babur ɗin ya sa mukullin a aljihu.

"Habibu, ina zuwa haka da rana tsaka? Zo ka taya ni buɗe shago."

Kafin la'asar ƙofar gidanmu ta cika. Babanku da kansa ya kira mai unguwa, ya aika wa duk mai buhu. Aka riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya ana farkewa da wuƙa, yashi yana zuba, mutane suna salati. 'Yan ƙalilan na bakin ƙofa ne kawai hatsi har ƙasa. Da aka farke na Iya Mairo sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta riƙa ɗiban yashin tana kallo. Ina tsaye a zaure bayan ƙyaure. Mai unguwa ya ce Habibu ya yi bayani. Ya ɗaga kai, idonsa a bushe.

"Ranka ya daɗe, ni hatsi na kawo, kowa ya gani da idonsa. Wata bakwai mukulli ba a hannuna yake ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Na ga idanu suna juyawa kan babanku. Wani daga baya ya ce, ai kuwa gaskiya ne, mukullin a wurin wa yake? Har Baffanku Sale ya sunkuyar da kai. Babanku yana tsaye da baƙin mai a hannu, na kuma san ba zai kare kansa ba. Ban san lokacin da na turo ƙyauren ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba.

"Ranka ya daɗe, a kira Rabi! A tambaye ta me ya sa ta ba ni masara jiya don kada in buɗe buhuna. A tambaye ta me ta roƙe ni ɗazu a kan katanga. A ba ta Alƙur'ani, ni ma a ba ni!"

Mai unguwa ya tura mata biyu. Ba su daɗe ba suka fito, suka ce gidan ba kowa, tukunyar kunu tana kan wuta har ta kama, akwatin kaya a buɗe. Wata maƙwabciya ta ce ta ga Rabi tun kafin azahar ta fita ta bayan layi, ta hau mota mai zuwa gabas. Habibu ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Da jakar ta tafi?"

"Wace jaka?" in ji mai unguwa.

Ya dubi jama'a, ya gane abin da ya fito daga bakinsa. Sai ya zame ya zauna a kan yashin ya fara kuka kamar yaro. A nan ya faɗi komai, inda ya sayi yashi, inda ya cika buhunan, da cewa tun farko an zaɓi shagonmu ne don in ta fashe ta fashe a kan mai mukulli. Ya ce Rabi ce ta ce ya yi Kano za ta same shi can da ragowar kuɗin, ashe gaba ta tura shi a bi shi ita ta bi ɗaya hanyar. Ya rantse sau uku a gaban liman cewa Malam Idi bai san komai ba. Wanda ya yi maganar mukulli ya zo ya kama hannun babanku yana ba shi haƙuri. Mutane fiye da hamsin suka ji wannan, da yawansu suna raye, ku je ku tambaya.

Aka miƙa Habibu ga hukuma. Rabi kuwa har yau ban ƙara jin ɗuriyarta ba, kuma har yau ban san wanda ya fara kawo shawarar a cikinsu ba. Abin da na sani, abin da yake cikin jakar nan ya kusa rabin dukiyar mutane, kuma da na kira babanku tun da hantsi da an same ta a ƙarƙashin gadonsu. Mai unguwa da liman duk sun ce babanku ba shi da ramuwa, ajiya aka ba shi bai yi sakaci ba. Shi ya ce ya ji, amma akwai waɗanda fuskarsa suka gani suka kawo kuɗinsu. Bayan salla ya je ƙauyensu Utai ya sayar da gonarsa ta gado, ya biya duk wanda shi ya jawo da bakinsa. Iya Mairo ya fara kai wa.

Ranar da ya dawo daga Utai na kai masa ruwa, na durƙusa, na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba, cewa tun hantsi na gani, ni na ba Rabi lokaci har na yi mata alkawari. Na ce ni na jawo masa asarar gonar ubansa, ya yafe min. Ya shanye ruwan sannan ya miƙo min kofin.

"Na sani tun ranar, Asabe. Kunun da kika dafa kafin ki fito ma ya gaya min, ba a dafa shi cikin minti biyar."

"To me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Da kin tona musu asiri ba ki ba ta wannan lokacin ba, da har ki mutu kina kuka kina tambayata ko kin zalunci maƙwabciya. Ni zan zauna da ke. Gonar ta fi min sauƙi. Tashi ki kawo min tuwo."